Ranar da Jinin Inna Ya Ƙi Tsayawa

Inna ta warke, alhamdu lillahi, har ta koma tauna goronta. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka labarin rasuwa zan ba shi. Amma saura ƙiris ya zama hakan, a kan haƙori guda ɗaya tak, kuma bakina ne ya kai mu can. Duk wanda wata rana zai raka tsohuwarsa asibiti, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ni ne ɗan farinta. Mutumin wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta kai loma baki in ina wurin. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni, shi ya sa har gobe in Inna za ta ambace ni sai ta ce "ɗan Dije". Ga shi uwar Inna Bafulatana ce, kunyar ta zama hawa biyu. In na je Gummi gaishe ta, ina durƙushe bakin ƙofa, tana ciki ta juya gefe tana amsawa. Abin da take bukata ƙanwata Hajaru take gaya wa, Hajaru ta gaya mini. Haka muka zauna shekara arba'in da 'yan kai, ban taɓa ganin aibin abin ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin baki. Kayan gyaran babur da na injin niƙa nake sayarwa a Anka, kuma shekarun da zinare ya buɗe a Bagega kasuwa ta yi mini kyau. Mutum in ya samu ɗan abin hannunsa, sai ya fara jin duk tambayar da aka yi a duniya shi aka yi wa. Matata Rabi ta sha gaya mini in riƙa bari mutum ya kai aya. Ban ji ba.

Asalin ciwon tsohon abu ne. Wani ragon layya da Inna ta turke ya taɓa tunkuyinta a baki, haƙorin gaba na sama ya yi duhu, amma bai dame ta ba sai bayan shekaru. Da damanar shekarar da aka zo kwashe ƙasar gubar dalma a Bagega ya taso mata. Ba ta faɗa wa kowa ba. Hajaru ce ta lura Inna ta daina gatsar goro, sai dai ta goga shi a magogi ta zuba a gefen baki. Da ta matsa mata ta buɗe, sai ga ƙurji a dasashi daidai saman haƙorin, yana fitar da mugunya.

Makon farko na dangi ne. Aka sa kanumfari, aka kurkura da kanwa. Gwaggo Dije ta kawo taba gari ta ce a danna a wurin, ita da shi take kashe nata. Wani maƙwabci har ya ce a ɗiga ruwan batir, Hajaru ta raka shi ƙofa da harara. Aka karɓo rubutu, Inna ta sha. Mako na biyu kumburin ya hau har ƙarƙashin hanci, leɓenta ya ɗage. A nan ne Hajaru ta kira ni.

A asibitin Gummi aka duba aka ce a cire shi. Inna ta yarda nan take, ta ce wa Hajaru a ɗebe hauren, wato haƙorin, kowa ya huta. Ni na hana. Inna tana da wushirya, kuma duk da shekarunta haƙoranta a jere suke ba giɓi ko ɗaya. Na ce ina raye, ina da hali, ba za a yi wa Inna giɓi a gaban baki ba. Na ji ana cewa a Gusau akwai masu gyara haƙori ba tare da an cire shi ba. Ban tambaye ta ko tana so ba, don a ganina alheri nake yi mata, kuma ba a shawara da mutum a kan alheri.

Muka tafi Gusau mu uku da Hajaru, tana fama da tsohon ciki. Wanda bai taɓa bin layin kati a babban asibiti ba bai san haƙuri ba. Tun hantsi muke kan benci, sai bayan azahar aka kira mu. Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru, daga jin Hausarta Bakanuwa ce. Ta huda haƙorin ta baya, ta kwashe matacciyar jijiyar da ke ciki, ta wanke, ta cike. Zuwa biyu aka yi. Duka biyun Hajaru ce ke shiga da ita, ni ina waje ina biyan kuɗi ina jin kaina ɗa nagari. Ciwo ya lafa, na dinga ba abokaina labari a bakin shago.

Ana cikin yankan shinkafa a fadama ƙurjin ya dawo. Muka koma, aka ɗauki hoton haƙorin. Likita ta ɗaga shi a haske ta nuna mini wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake a can ƙarshen saiwa, cikin ƙashi. Ta ce hanya biyu ce. Ko a cire haƙorin, ko a yi ɗan aiki: a tsaga dasashi, a buɗe ƙashin kaɗan, a yanke kan saiwar da ya ruɓe, a kwashe dattin, a toshe, a ɗinke. Ba ta rufe baki ba na ce a yi aikin. Aka sa mana rana.

Kafin ranar Hajaru ta haihu. Mai jego ba ta tafiya. Gwaggo Dije ta ce za ta raka mu, na ce a'a, don na san za ta cika asibitin mutane da surutu da tabarta. Rabi ta ce to ita ta zo, na ce ta zauna da yara, aikin da ba ya kai awa guda ba ya bukatar gayya. Haka na ɗauko Inna ni kaɗai. Ta zauna a kujerar baya, fuskarta na kallon taga. Daga Gummi har Daki Takwas, har muka wuce Anka, har Gusau, in ban da amsa sannu ba abin da ya fito bakinta.

Kafin a fara, likita ta zaunar da mu. Aka auna jinin Inna, aka ce ya ɗan hau, wataƙila fargaba ce. Sai likitar ta jawo kujera kusa da ita, ta sassauta murya.

"Mama, tun zuwanku na baya akwai wani magani da kika fara sha? Ko na asibiti, ko na kemis, ko na gargajiya?"

Inna ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Ni na saba da wannan shirun, a gabana kullum haka take. Sai na shiga.

"Ba ta shan komai, likita. Inna ko ƙwayar zazzaɓi sai an yi da gaske take haɗiyewa."

Likita ta sake duban ta. "Haka ne, Mama?"

Inna ta ƙara yin ƙasa da kai. Likita ta ɗauka e ce, ni ma haka. In ka tambaye ni inda na samo wannan amsa, Innar da na sani ina saurayi nake ba da labari. Ban taɓa kwana ɗakinta ba, ban san abin da ke ƙarƙashin matashinta ba. Na dai faɗa da ƙarfi, kamar yadda nake faɗin kuɗin kaya a shago.

Aka shiga da ita, na zauna a waje ina waya da wani mai inji a kan bel ɗin injinsa. Awa ta wuce. Aka kira azahar, na je na yi, na dawo, ƙofa a rufe. Sai na ga nas ta fito da sauri ta koma da ƙunshin auduga. Jim kaɗan ta sake fitowa ta ɗauko wani. A fitowa ta uku ni ta yafuto.

Abin da na gani ba zai bar idona ba. Inna na kwance a kujerar, an rufe mata fuska da koren ƙyalle, bakin kaɗai ke waje. Wata 'yar roba na zuƙe jini tana kai shi cikin kwalba, kwalbar ta yi ja. Tasar da ke gefe cike take da jiƙaƙƙiyar auduga. Likita ta danna yatsa a wurin, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, ka ce ba ta shan komai. Wannan jinin ba na wanda ba ya shan komai ba ne. Wa ke zaune da ita a gida?"

Nan take na kira Hajaru, na buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Yaya, mi kac ce musu?" in ji Hajaru. "Tun da hauren nan yad dawo Inna garin maganin ciwon kai taka sha, sahe da rana da dare. Ga haɗin kemis. Ga kuma na hawan jini da anka ba ta asibiti watan jiya, hadda wata 'yar ƙarama da sunka ce ta zuciya ta. Ita tac ce kar a hwaɗa maka, ɗawainiyar ta yi maka yawa."

Likita ta sa Hajaru ta nemo fankon takardun ta karanto abin da ke jiki. Kalma ɗaya ta yi ta dawowa, asfirin. Tana cikin garin, tana cikin 'yar ƙwayar, haɗin kemis kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Daga baya ne likitar ta yi mini bayani cewa irin waɗannan suna hana jini daskarewa, in suka taru da yawa a jiki, ga kuma hawan jini, ƙaramin yanka sai ya yi ta tsatsafa kamar rijiyar fadama. A lokacin dai aikinta kawai ta ci gaba da yi. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Nas ta ce in riƙe wa Inna hannu. Na kama, sanyi ƙalau. A cikin wannan halin ma, a hankali ta zare shi ta tura ƙarƙashin ƙyalle.

Sai aka ɗauke wuta. A nan zan yi ƙorafi, don ba daidai ba ne a tsaga bakin mutum a wurin da sai an je neman mai tayar da janareta. Fitilar kujera ta mutu, robar zuƙar jini ta tsaya. Nas ta danƙa mini tocila ta ce in haska, kada in motsa. Ta haka na ga aikin da idona, ni da ko yankan kaza ba na son kallo.

Likitar ba ta rikice ba. Ta ƙara allura a kewayen wurin, ta ce ita ma tana tsuke hanyoyin jini. Ta ɗauki wasu 'yan mitsi-mitsin dunƙulen auduga masu magani, ta cusa su ɗaya bayan ɗaya cikin ramin ƙashin, ta danne, ta tsaya tana kallon agogon bango. Ba ta ɗagawa ta leƙa. Ta ce yawan leƙe ne ke tayar da shi. Da ta cire, jini ya sake cikowa, ta sake cusawa, ta sake dannewa. Nas na ƙirga audugar da ta shiga da wadda ta fito don kada a bar ko ɗaya a ciki. Ta shafa wani magani ruwan ƙasa, jinin wurin ya koma baƙi. Inda ƙashin ya ƙi, ta murza wani abu mai kama da kakin zuma ta liƙe. Ni dai ina riƙe da tocila, kafaɗata ta ƙage, ba addu'ar da ban karanta ba. Abin da nake ta maimaitawa a zuci shi ne, da na bari an cire haƙorin nan a Gummi, da yanzu tana gida tana gogar goronta.

Wuta ta dawo. Can na ji likita ta sauke numfashi ta ce, "Yauwa, yanzu ina gani." Wannan maganar ta zauna mini. Ashe duk wannan fama don ta samu wurin ya bushe ne ta ga kan saiwar, don ba a toshe abin da ba a gani. Ta toshe, ta kankare magungunan da ta sa, ta wanke, ta mayar da dasashi ta ɗinke shi tam, ta ba Inna auduga ta ce ta cije.

Na ɗauka an gama. Inna ta miƙe za ta gyara mayafi, sai ta sulale. Nas ce ta tare ta. Aka kai ta ɗakin mata aka kwantar, aka ɗebi jini aka auna, aka ce ya yi ƙasa sosai. Ba na ranar kaɗai ba ne, garin nan ya daɗe yana cin cikinta a ɓoye. Sai an ƙara mata leda guda. Nawa ya yi daidai da nata, na miƙa hannu. Mutane suka yi ta sa mini albarka wai ɗa ya ba uwarsa jini. Ni na san mayarwa nake yi, kuma ban mayar da rabin abin da na zubar ba.

Komai sai ka fita waje ka saya a asibitin nan, daga ledar jini har safar hannu, kuma kowane abu da nasa layin. Abin da na kashe a kwanakin ya fi kuɗin aikin kansa, ban kuma ji zafinsa ba. Amma ba zan manta da nas ɗin nan ba, wadda lokacin tashinta ya yi ta ƙi tafiya sai da ta ga Inna ta buɗe ido. Ban san sunanta ba, Allah ya saka mata. Kafin la'asar sakaliya Rabi ta iso daga Anka, ita da Gwaggo Dije, mutum biyun da na ce ba a bukata.

Da aka sallame mu gidana na Anka na kawo ta, don ya fi kusa da Gusau in wani abu ya taso. Likita ta kafa mana dokoki. Ranar farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu, ba abu mai zafi, ba goro. Kunu sai ya huce. A riƙa ɗora tsumma mai sanyi a kumatu. In jini ya dawo, a jiƙa ƙullin ganyen shayi ko tsaftataccen ƙyalle ta cije da ƙarfi rabin awa, ba magana, ba dubawa. Rabi ta ce wannan ta rashin magana ba sai an roƙi Inna ba. Garin ciwon kai da haɗin kemis an soke su har abada. Na asibiti kuwa ta ce kada mu kuskura mu tsayar da kanmu, ta rubuta wa likitan Gummi shi ya san yadda zai yi.

Washegari na tarar da Gwaggo ta tafasa ruwa ta ɗauko tsumma za ta yi wa Inna gashi.

"Kumburi na, ɗan nan. Tun da nike ban taɓa ganin kumburin da ba a gasawa ba."

Na ɗauke tukunyar daga gabanta. Matar da ta goya ni, ranar na ɗaga mata murya, ta yi fushi ta ce boko ya shiga kaina, ni da ko sakandare ban gama ba. Sai da Rabi ta lallashe ta da cewa zafi ke narkar da gudan jinin da ya toshe wurin. Ta haƙura, amma ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Makon nan fuskar Inna ta kumbura, jini ya kwanta ƙarƙashin fata tun daga leɓe har wuya, ya yi baƙi, ya koma kore-kore. Masu zuwa dubiya sai su tambaya ko haɗarin mota muka yi. Ita kuwa a gidana take, gidan ɗan fari, kullum mayafi a fuska, abinci ma sai na bar gidan take taɓawa. Sai na koma fita tun da sassafe don ta samu ta ci. Kowace safiya Rabi ke duba matashin Inna ko akwai jini, ta zo ta gaya mini. Sau ɗaya aka ga ja, aka cije ganyen shayi, ya tsaya. Mako na biyu muka koma aka cire zare, likita ta ce wurin ya kama.

Abin da zan gaya wa jama'a gajere ne. In za ku asibiti, ku tattara duk abin da mara lafiya ke sha, har garin da ake saya a tebur, har jiƙo, ku zuba a leda ku ajiye gaban likita. Ku bar mai ciwo ya amsa da bakinsa. In kuwa akwai kunya tsakaninku, kai ɗan fari ne, ko suruki, to ka kai ta ƙofa ka koma waje, ka bar wanda take iya magana a gabansa ya shiga.

Ba wanda ya ɗora mini laifi. Gwaggo ta ce ƙaddara ce. Likita ma, ranar cire zare, cewa ta yi ita ya kamata ta fitar da ni ta tambayi Inna su biyu. Wannan ya ƙara mini nauyi. Sai na samo abin da nake lallashin kaina da shi: wataƙila Inna ba ta gane Hausar Kano ta likitar ba, ko kuma ita a wajenta garin ciwon kai ba ya cikin magani. In haka ne, ko ban yi magana ba amsar ɗaya ce. Na riƙe wannan gam, da shi nake samun barci.

Da ta ji ƙarfi na mayar da ita Gummi, ya zo daidai da Hajaru ta gama wanka. Na yi sallama da kowa na fito. Hajaru ta biyo ni har mota, jaririya a kafaɗa, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Yaya, Inna ta ba ni saƙo. Tac ce ka yahe mata."

Na ce in yafe mata me.

"Tac ce ta ji tambayar likita sarai. Maganin ma shina ƙulle ga bakin zanenta, da shi tas shiga. Amma ka riga ka yi magana, kuma kai babban mutum na, ba ta iya ƙaryata ka gaban baƙuwa. Sai ga shi jininta ya tona, anka ji ba daidai kah hwaɗi ba. Tac ce ita ta ba ka kunya cikin mutane, abin na nan shina cin ta."

Na dafa ƙofar mota. Na so in ce ta koma ta gaya mata ni ne mai neman gafara, amma na san Inna. In na mayar mata da maganar, sai ta ɗauka ban haƙura ba, ta ci gaba da ɗaukar abin a ranta. Hajaru na tsaye tana jira.

Na ce, "Ki ce mata na yahe."

Hajaru ta juya da murna ta shiga gida ta kai mata.